Dashen da ya daɗe a leda: a canza masa leda ko a karya farashi?

Wani ɗan'uwa mai sayar da dashen itatuwa a bakin titi a Kano ya aiko da tambaya: "Ina da dashe kusan 400 da suka rage tun daminar bara, mangwaro mai aure (wanda aka haɗa masa reshen wani iri), lemo, gwaba, darbejiya da turare. Ganyensu ya fara rawaya duk da ban ruwa safe da yamma. Wasu sun ce in zuba taki, wasu sun ce in mayar da su manyan ledoji. Jarina ba shi da yawa, yaya zan yi?"

Malam, Allah ya sa wa sana'a albarka. Kafin ka kashe ko sisi, ɗauki guda biyar ka yaga ledarsu. In ka tarar saiwa ta nannaɗe ta zagaye ciki, ƙasar ta zama 'yar kaɗan, to ga ciwon nan. Saiwar ta cinye abincin da ke cikin ledar, ruwan da kake zubawa kuma yana bin gefe ya zube, shi ya sa tsofaffin ganyen ƙasa suke fara yin rawaya. In kuwa saiwar ta yi baƙi tana wari, ruwa ne ya yi yawa, sai ka rage.

Takin zamani kamar NPK 15-15-15 zai dawo da kore na 'yan makonni, amma ba zai buɗe wa saiwa wuri ba. A matsattsiyar leda da zafin bazara, in hannu ya yi nauyi ƙone dashen zai yi.

Shawarata ita ce kada ka ce sai ka canza wa dukansu leda. Canjin leda sabon jari ne: kuɗin leda, ƙasa, taki, ladan yaran da za su taya ka, ga ƙarin ruwa, wanda a Kano sau da yawa saye ake yi wurin 'yan garuwa. Babbar leda kuma tana cin fili. Don haka ka tambayi kanka a kan kowane iri, shin in ya ƙara girma kuɗinsa zai ƙaru? Mangwaro mai aure da lemo, e, domin mai gida ko mai lambu yana biyan ƙari a kan dashen da ya tasa. Su ne suka cancanci wannan ɗawainiya, sai gwaba in kuɗi ya rage. Darbejiya da turare kuwa saurin girma gare su, ga araha, sabon irin bana zai kamo su. Karya musu farashi ka sayar a dunƙule ga makarantu, masallatai ko masu kewaye gona. Ko uwar kuɗi ka mayar, ka huta da sayen ruwa.

Waɗanda za ka canza wa, ka yi aikin da yamma. Nemi leda da ta ɗara tsohuwar kaɗan, mai huda a ƙasa, ka haɗa ƙasa da yashi da kashin shanu da ya ruɓe sosai. Warware saiwar da yatsu, ka datse wadda ta nannaɗe da wuƙa mai kaifi, kada kuma ka binne wurin auren. Su yi mako ɗaya zuwa biyu a inuwa. Ganyen da ya riga ya yi rawaya ba lallai ya dawo ba, sabon toho za ka duba.

Abin da ya fi damuna shi ne amana. Itacen da aka dasa da saiwa a nannaɗe yakan tsumbure, ko iska ta kayar da shi bayan shekaru, mai saye kuwa ba zai manta wurin wanda ya saya ba. Faɗa masa gaskiya, ka nuna masa yadda zai warware saiwar a bakin rami.

Game da baɗi, ka sani kasuwar dashe a arewa ta damina ce, daga Yuni zuwa Agusta. Ka karɓi oda da kafin alƙalami tun rani, ka rena daidai da ita da ɗan ƙari. Ka riƙa ɗaga ledojin kana gusar da su duk bayan mako biyu ko uku don kada saiwa ta huda ta kama ƙasa, sannan ka rubuta watan da ka zuba kowane rukuni, ka fara sayar da tsoho kafin sabo.