Tambaya da Amsa: f/2.8 ko f/4?

Tambaya: Malam, ina ɗaukar hoton biki da kyamarar Canon R6. Tsakanin gilasan kyamara (lens) RF 15-35mm f/2.8 da RF 14-35mm f/4, wanne zan saya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, in dina ce aikinka, ɗauki f/2.8. Hasken da yake zuƙa ninki biyu ne na f/4, ka kuwa san yadda ake rage fitilu in amarya za ta shigo. Sai dai nauyi: giram 840, wancan 540. Wuni guda a wuya, za ka ji a jikinka.

Ni dai f/4 nake ratayawa wurin kamu da rana. Milimita ɗayan nan da ke tsakanin 14 da 15 kan ƙara faɗin hoto, ya shigo da ƙawayen da suka maƙale a bango. Amma kada ka kuskura ka sa uwar amarya a gefen hoto. Gilashin yakan baje fuska, ta fito kamar faifai.