Amsar tambayar Yallabai kan sadarwar kwantam da sirrin bankuna

Assalamu alaikum warahmatullah. Yallabai, na saurari tambayar da ka ajiye mana a wannan zaure bayan la'asar, inda ka ce ka ji labarin ƙasar Sin ta gina hanyar sadarwar da ba a iya yi mata kutse, sannan an ce maka wata kwamfuta na nan tafe da za ta tona sirrin bankuna da saƙonnin waya. Duka maganganun biyu suna da tushe, sai dai kowace da inda ta dosa.

Yawancin kullen da ke tsare kuɗinmu a intanet a yau lissafi ne. Ɗauki tsarin kulle saƙo mai suna RSA da aka fito da shi a 1977, wanda ƙarfinsa ya dogara a kan wahalar gano lambobi biyun da aka ninka aka samu wata babbar lamba. Idan na ce ka ninka 61 sau 53, da biro da takarda za ka samu 3233 kafin shayi ya huce. Amma idan na ba ka 3233 na ce ka gano lambobi biyun da suka haife ta, sai ka yi ta gwaji. To idan lambar ta kai tsawon alƙaluma sama da 600, kwamfutocin duniya ko an haɗa su ba su gama wannan gwajin ba. A 1994 wani masanin lissafi a Amurka, Peter Shor, ya nuna cewa kwamfutar kwantam, wato wadda ke lissafi da ɗabi'ar ƙananan ƙwayoyin halitta irin su ƙwayar zarra da ta haske, idan ta samu cikakken ƙarfi za ta warware wannan ƙulli cikin ɗan lokaci. Har yau ba a nuna wa duniya injin da ya kai wannan ƙarfin ba, saboda haka a kwantar da hankali game da asusun banki na wannan watan.

Abin da ya fi damuna shi ne mai haƙuri. Yana iya kwashe saƙonnin da ke wucewa a kulle yau, ya adana su shekara goma ko ashirin, ranar da injin ya samu ya buɗe su a natse. Lambar sirrin katin ATM ana sauya ta cikin minti ɗaya, amma zanen yatsan da muka dangwala wajen yin BVN da NIN ba ya sauyuwa har kabari.

Sai batun Sin. Dabarar sadarwar kwantam ba daga Sin ta fara ba, domin Charles Bennett da Gilles Brassard ne suka gabatar da ita a 1984, kuma aikinta ɗaya ne: raba mabuɗin sirri tsakanin mutum biyu ta yadda za a gane idan wani ya yi laɓe. Mai aikawa yana tura ƙwayoyin haske, waɗanda masana ke kira foton, ɗaya bayan ɗaya, kowace da irin karkatar da ya zaɓa mata, mai karɓa kuma yana auna su da ɗaya daga ma'aunai biyu bisa canke. Daga baya su gaya wa juna a fili ma'aunin da kowa ya yi amfani da shi, ba tare da faɗin sakamako ba, su zubar da inda suka saɓa, abin da ya rage ya zama mabuɗi. Ɗabi'ar ƙwayar haske ita ce ba a auna ta da ma'aunin da bai dace ba a bar ta yadda take, kuma ba a iya kwafarta daidai. Kamar mai rumbu ne da ya share bakin rumbunsa ya barbaɗa toka kafin ya kwanta: tokar ba ta hana ɓarawo zuwa, amma da safe sawunsa yana nan raɗau. Idan ɗan laɓe ya tare kowace ƙwaya ya auna ya sake tura wata, lokacin da mai aikawa da mai karɓa suka kwatanta wani yanki na mabuɗin kusan ɗaya cikin huɗu na abin da suka gwada zai fito da kuskure, sai su yar da mabuɗin tun ba a kulle komai da shi ba.

An gwada wannan a zahiri. Birnin Jiniba na Suwizalan ya tsare aika sakamakon zaɓe da shi a 2007. Sin ta harba tauraron ɗan Adam mai suna Micius a watan Agusta na 2016 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Pan Jianwei, kuma a Satumban 2017 aka yi hirar bidiyo tsakanin Beijin da Vienna da mabuɗin da tauraron ya raba. A 2025 aka wallafa makamancin gwajin tsakanin Sin da Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu, tazarar kilomita 12,900.

Amma kalmar "ba a iya kutse" ta yi nauyi, Yallabai. Haske yana raguwa a cikin wayar faiba, kuma a tazara irin ta Kano zuwa Kaduna, wadda ta haura kilomita 200, da ƙyar ƙwaya ɗaya cikin 10,000 ke isa, ga shi ba a ƙara mata ƙarfi a hanya tunda ba ta kwafuwa. Shi ya sa layin Beijin zuwa Shanghai mai kilomita 2,000 ya ratsa ta tashoshi 32, kuma a kowace tasha mabuɗin yana hannun masu gadinta, wato an koma ga amanar ɗan Adam ke nan. A 2010 ma wasu masu bincike a Norway sun dallare na'urorin karɓa da haske mai ƙarfi, suka ɗauke mabuɗi ba tare da an ga sawunsu ba.

A ganina abin da zai kare talaka mai waya a aljihu shi ne sabon lissafin da babu wata sananniyar hanyar da kwamfutar kwantam za ta warware shi, wanda kuma ke aiki a kan na'urorin da muke da su. Hukumar tsara ƙa'idojin fasaha ta Amurka, NIST, ta buɗe gasar neman irinsa a 2016, ta fitar da ƙa'idoji uku na farko a Agustan 2024, bayan tankaɗe mai tsanani, domin wani tsari mai suna SIKE da ya yi nisa a gasar an fasa shi a 2022 da kwamfuta ta yau da kullum. Manhajar aika saƙo ta Signal ta fara saka sabon kullen a 2023, kamfanin Apple ya bi baya a manhajarsa ta saƙo, iMessage, a 2024.

Ku 'yan'uwanmu da ke aiki a bankuna da kamfanonin sadarwa, ina roƙonku ku tambayi masu sayar muku da manhaja yaushe za su sauya zuwa waɗannan ƙa'idoji, ku kuma fara da bayanan da sirrinsu zai yi shekaru yana da daraja. Sauranmu kuwa, idan waya ta nemi a sabunta manhaja a daure a sayi data a sabunta, domin ta nan sabon kullen ke shigowa. Wassalamu alaikum.