Benz ɗin da kawunka yake so ya saya

Ɗana, na ga saƙonka jiya bayan isha'i. Ka ce kawunka na Aboabo ya ga Benz E350 ƙirar 2005 a Tema, kuɗinta bai wuce na Corolla mai tsafta ba, kana tambaya ko za ta yi ƙarko kuma gyaranta zai riƙa cin nawa. Wallahi na ji daɗi da ka tambaya tun ba a biya ba, don yawanci sai an jawo mana mota da igiya cikin Suame Magazin, unguwarmu ta makanikai a Kumasi, sannan ake neman shawara.

Ka ga, kuɗin motar ne ya faɗi, kuɗin kayanta yana nan inda yake. Wanda ya saye ta sabuwa mai hali ne kuma don aljihunsa aka ƙera ta, yau ta yi wajen shekara 20 amma kayan gyaranta har gobe da dala ake shigo da su, sidi ya sauka su hau, ko a nan Magazin ka nema ko ka tura Abossey Okai a Akra maganar ɗaya ce.

Fara da birki, don shi ne rai. E-Class na wannan zubin daga 2002 zuwa tsakiyar 2006 suna da birkin lantarki da ake kira SBC, famfo ne da kwamfuta ke juyawa kuma yana ƙirga sau nawa aka taka shi, in ya cika adadinsa zai kunna gargaɗi a dashbod yana neman canji. Kamfanin da kansa ya cire shi daga wannan motar a 2006. Akwai masu goge ƙirgen da mashin ɗin binciken kwamfutar mota su ce an gyara, kar na taɓa ganin hannunka a wannan aikin, mutum zai ɗauki iyalinsa ya hau hanyar Techiman da tsohon famfo, in wani abu ya faru mu ne Allah zai tambaya. Ko fad ɗin birkin ma ba a canzawa sai an kashe SBC ɗin tukuna, in ba haka ba zai iya matse maka yatsu.

Sai injin. V6 ne, M272, yana da daɗin tafiya ba ƙarya, amma na farko-farkon nan haƙorin giyar balans shaf ɗinsu yana cinyewa, tayimin ya goce, fitilar gargaɗin injin ta kunnu a dashbod. Ƙarfen ɗan ƙarami ne amma kafin ka kai gare shi sai ka sauke injin gaba ɗaya, to ka lissafa kwana nawa mu biyu za mu yi a kai, ga gasket ga cen ga baƙin mai. Giyabos ɗinta mai giya 7 shi ma akwai faranti mai kwamfuta a ciki, in ya mutu ba ɗaurawa kawai ake yi ba sai an haɗa shi da motar ta mashin. In kuma mai balan-balan ce a ƙafa, Airmatic, roba ce tana tsufa tana tsagewa, iska na zuba kwamfresa na ta aiki har ya ƙone, ramukanmu da ƙurar hunturu kuwa ba sa raga mata.

Kar ka ji haka ka ce Benz ba mota ba ce. Tsofaffin nan W124 da 190 da na koyi aiki a kansu sifana da kunne sun ishe ka, shi ya sa dattawa suke rantsuwa da sunan, kuma ina jin wannan sunan ne kawunka yake so ya saya. Ita ma ta 2005 in ta samu mai ba ta man da ya dace a kan lokaci, wanda ba ya jiran abu ya karye, za ta yi masa shekaru. Mai albashi ne kawai take wahalarwa, ranar da abu biyu suka haɗu a wata ɗaya sai a kafe ta ƙofar gida a kan duwatsu.

Ni in kawuna ne kuma dole sai motar manya, Lexus ES 350 ko RX 350 zan nuna masa, injinsu ɗaya da Camry V6 da Highlander, kayan hom-yus ɗinsu, wato na hannu daga waje, ba sa wuyar samu. In ya nace sai Benz, ya nemi ta 2007 zuwa sama mai sifirin ƙarfe, kuma kar ya zuba duk kuɗinsa a saye, ya ajiye wani kaso mai kauri gefe don shekarar farko.

Ka faɗa masa cikin ladabi kar ya ba da ko adibas. Ranar Asabar sai mu tafi Tema da mashin ɗin binciken, ka ce kar mai motar ya tayar da ita kafin mu iso, ina so in ji injin da sanyinsa in ga ko ta zauna a ƙafa ɗaya cikin dare. Kai kuma aikinka ka ɗaga kafet ka shinshina, ka haska ƙasan kujera da soket-soket, in ka ga tsatsa ko busasshen laka to ruwa ta sha a can kafin a loda ta a jirgi, nan take mu juyo. Ka taho da tocila, ka kuma ce ya karɓo lambar shasi da takardun kwastan tun yau.