Tambaya da Amsa: Farin abu ya fito a ganyen furen okid ɗina

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Yayata ce ta kawo min furen okid tsaraba daga Abuja, irin mai faffaɗan ganyen nan da furensa kamar malam buɗe littafi, to yanzu wani farin abu ya fara fitowa a ganyen kamar an barbaɗa gari, ina gogewa da ruwa ya ɓace in ya bushe ya dawo. Da ruwan bohol nake bashi. Maƙwabciyata tace in fesa mishi fiya-fiya, in fesa? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. A'a, dan Allah ki ajiye fiya-fiyan nan, ƙona ganyen zaiyi kawai kuma in a falo yake ku kwana kuna shaƙa.

Da kika ce yana ɓacewa in ya jiƙe ya dawo in ya bushe, ai kin riga kin bada rabin amsar. Ni dai zargina na kan ruwan ne. Ruwan bohol da na rijiya a wurare da yawa yana ɗauke da sinadarin kalsiyam, in kika watsa a ganye ruwan ya bushe sai ya bar shi a wajen, irin farin nan da yake kamawa a cikin butar shayi in ta daɗe ana tafasa ruwa. Ba cuta bane, amma in yayi yawa yana tare wa ganyen haske, kuma wanda ya fi damuna shine wanda yake taruwa a cikin tukunyar inda ba kya gani, don shi ne yake ƙona bakin saiwa kiga tayi baƙi ta daina tsiro. Takin zamani in yayi yawa shima haka yake yi, ga kuma ƙurar hunturu da take hawa kai.

Ki matse lemon tsami kaɗan a cikin ruwa, ki tsoma auduga ki goge saman ganyen a hankali, sannan ki sake bi da ruwa zalla. In ya fita tas bai dawo ba shikenan. Daga nan ki daina watsa ruwa a ganye gaba ɗaya, a gindin zaki zuba, da safe, kuma kar ki bari ruwa ya kwanta a tsakiyar inda ganyen suke haɗuwa don nan ne yake ruɓewa, in ya shiga ki tsane da tishu. Ruwan sama ya fi komai, da damina ki tara a jarka. Sau ɗaya a wata ki kwarara ruwa sosai ya bi ta ƙasan tukunyar ya fita da gishirin da ya taru, taki kuma kashi ɗaya cikin 4 na abin da aka rubuta a kwali ya isa.

Amma fa kafin ki saki jiki ki ɗaga ganyen ki leƙa ƙasansa da lungun da ya haɗu da kara da bayan furen. In kika ga farin a dunƙule kamar auduga, ganyen yana danƙo, ko kiyashi na ta zirga-zirga, toh wannan ƙwaro ne mai tsotson ruwan tsiro, danginsu ɗaya da wanda ake gani a gwanda da mangwaro. Wani ɗan uwansa ne ya addabi rogo a Afirka tun shekarun 1970, sai da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta kawo wani ƙaramin zanzaro daga Kudancin Amurka yana kashe shi sannan aka samu sauƙi, kinga ba ƙwaron rainawa bane. Ki danna farin abin da tsinke, in ya fashe da ɗan ruwa to shi ne.

Maganinsa sifirit na kemis, ki jiƙa audugar goge kunne ki bi su ɗaya bayan ɗaya kina ɗaukewa. Matsalar ita ce ƙwai da ƙananan da suke ɓuya, shi yasa zaki maimaita duk bayan kwana 7 zuwa 10 kamar sau 3 ko 4 ko da kin ga kamar sun ƙare, yawanci anan mutane suke gajiya sai kuma su ce magani baya aiki. Za ki iya haɗawa da man darbejiya ɗan kaɗan da ɗigon sabulun ruwa na wanke-wanke ki fesa da yamma, kar dai rana ta buge shi da man a jiki. Ki ware shi daga sauran furanninki har ya warke. In sun ci gaba da dawowa to suna cikin tukunyar ne, ki ciro shi ki wanke saiwar ki zubar da tsohon ɓawon da aka dasa shi a ciki, ki sa sabon ɓawon itace ko na kwakwa da ɗan gawayi, banda ƙasar lambu, don irin wannan okid ɗin a jikin bishiya yake rayuwa a dazukan Asiya, saiwarsa iska take so.