Amsa ga Ɗana na Kano: Yadda Ake Zagaya Dazukan Arewacin Kamaru da Iyali

Assalamu alaikum ɗana. Ina gaida Hajiya, da mai ɗakinka, da yara gaba ɗaya. Saƙonka ya iso, kuma na fahimci abin da kake so: ka ɗauki hayar irin motar nan mai ɗaki a ciki, mai gado da murhu da banɗaki, wadda ka gani a bidiyon mutanen Amurka, ka zuba iyali a lokacin dogon hutun makaranta, ku shigo Kamaru ku ga gandun dajin Waza, sannan ku gangaro Garwa. Ka kuma tambaya ko mu Hausawan nan haka muke yi. Niyyarka ta faranta min rai, domin yaran da suka tashi ba su san raƙumin dawa ba sai a allon waya sun cancanci a kai su su gani da idonsu. Amma motar, da lokacin, da hanyar da ka zaɓa, duka ukun sai an sake su.

Motar nan an yi ta ne don ƙasar da aka shirya mata. Amurka ta keɓe gandun dajinta na farko, Yellowstone, tun 1872, kuma a irin wuraren nan akwai kwalta har cikin daji, akwai filayen kwana da aka ware, wasu da wuta da ruwa da wurin zubar da ƙazantar mota, ana kama gurbi ta intanet watanni kafin tafiya. A nan ba mu da wannan. Da zarar ka sauka daga babbar hanyar Garwa zuwa Ngaundare, sai jar ƙasa da yashi da kwazazzabai, ga rafukan da ake ratsawa ta cikinsu. Doguwar mota mai ƙasa-ƙasan ciki ba za ta kai ka ko'ina ba, in kuma ta lalace babu bakaniken da ke da kayanta. Motar daji a wurinmu ita ce Hilux ko Land Cruiser, da taya biyu na safiya, da jarkokin mai da na ruwa.

Amma ba hanya ce kaɗai dalili ba, kuma a nan nake so ka saurare ni da kyau. Wanda ya ƙera mota mai ɗaki ya yi ta ne don matafiyin da ba ya son ya buƙaci kowa. Mu kuwa tafiyarmu gaba ɗaya a kan mutane aka gina ta. Kakanninmu da suka baro Kano da Katsina da Zazzau da fataucin goro da tufafi da kiɗi da malanta, ba su zo da ɗaki a kai ba. Kowane zango akwai mai masauki, shi zai ba ka wurin kwana, ya ajiye maka kaya, ya gaya maka halin hanyar gobe, ya tsaya maka in magana ta taso. Unguwarmu ta Hausare a nan Garwa haka ta kafu, kusa da Fulɓere, kuma har yau a garuruwan lamidai za ka tarar da Sarkin Hausawa, wanda baƙon Bahaushe ke iya nema in ya rasa inda zai dosa. Wannan tsari bai mutu ba, waya ce kawai ta shigo cikinsa. In zan tura ka garin Colire da ke yankin Mayo Rai, kafin ka bar ƙofar gidana na riga na kira wanda zai tarbe ka, shi kuma zai kira na gaba. In magariba ta yi ba ka iso ba, akwai wanda ya san ba ka iso ba, ya kuma san inda zai fara nema. Mutumin da ya kwana cikin motarsa a bakin daji, babu wanda ya san da shi.

Sannan akwai maganar mutunci. Ka zo garin da kake da dangi, ka faka a waje ka kwana da matarka da mahaifiyarka cikin mota, to ka ja wa danginka abin faɗa har shekara ta zagayo. Za a ce me suka yi masa? A nan baƙo na gidan da ya sauka ne. Mata su shige cikin gida wajen 'yan'uwansu mata, kai a ba ka shago ko ɗakin zaure, yara su bi sa'o'insu. Ba a biyan kuɗin masauki, kada ma ka fara. Tsaraba ake yi: turare, hula, atamfa ga uwargida, alawa ga yara, in za ka tafi kuma ka damƙa wa tsofaffin gidan ɗan abin goro. A ƙauye, kafin ka sauke kaya, a raka ka ka gaida jauro ko lawan, ka faɗi ko kai wane ne da inda za ka. Wasu 'yan birni na ganin ɓata lokaci ne. Ni a wurina wannan gaisuwar ta fi kowace takarda da ke aljihunka amfani.

Batun lokaci kuwa, dogon hutunku na Yuli zuwa Satumba ya faɗo tsakiyar damina. Hanyoyin cikin gandun daji sun yanke, ciyawa ta fi mutum tsayi, dabbobi sun watsu saboda ruwa na ko'ina, masaukan ma a rufe suke. Ana shiga ne da rani, daga wajen Disamba zuwa Mayu. A Maris da Afrilu dabbobi sun fi taruwa a bakin ruwa, sai dai zafin Garwa a watannin nan yakan haura digiri 40, ba zan ba ka shawarar ka sa Hajiya da ƙananan yara a cikinsa ba. Hutun ƙarshen Disamba shi ne naku. Ku zo da rigunan sanyi, hunturun asuba a bakin kogi ba wasa ba ne.

Yanzu Waza. Na san sunan da kowa ya sani ke nan, kuma ba a banza ba. Tun 1934 aka keɓe shi, ya zama gandun daji na ƙasa a 1968, faɗinsa murabba'in kilomita 1,700, fili ne shimfiɗaɗɗe da ido ke cin nisa, ga raƙuman dawa, ga jiminu, ga garken mariya, ga zakuna. Da, daga Marwa mutum ya yi sammako ya je ya wuni ya dawo. Amma Waza na jingine da iyakar Borno. A Fabrairun 2013 aka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya, huɗu daga cikinsu yara, a kusa da Dabanga bayan sun fito daga gandun, sai a Afrilu aka sako su. A Mayun 2014 aka kai hari sansanin ma'aikatan hanya 'yan China a Waza aka tafi da mutum goma. Tun daga nan yawon buɗe ido a yankin ya durƙushe, kuma hanyar Mora zuwa Kusuri ta zama wadda ake bi da taka-tsantsan. Ina ƙaunar wurin nan, ina kuma addu'ar Allah ya maido masa da zaman lafiya, amma ba zan sa hannu ka kai jikokin Hajiya can ba. Hanyar Banki da ka ambata ita ma ka cire ta daga lissafi. Ka biyo ta Adamawa: ko dai daga Mubi ta Sahuda da Bukula ka faɗo Gidar, ko kuma ta ɓangaren Yola. Kwana biyu kafin ku taso zan tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum, su ne za su ce ga wadda ta fi kyau a makon.

Ka tuna Kamaru ba ta cikin ECOWAS. Inshorar motarka ta can ba ta aiki a nan, sai ka yanki ta wannan yanki, ka kuma karɓi takardar shigo da mota daga kwastan a bakin iyaka. Fasfo na kowa, har jariri, da katin allurar shawara. Shingayen jandarma da 'yan sanda suna da yawa, Faransanci ake yi da su, a kasuwa da ƙauye kuwa Fulatanci ne ke tafiyar da komai. Hausa za ta fisshe ka a cikin Garwa, amma ba ko'ina ba. Shi ya sa na fi son ka ajiye motarka a gidana, mu ɗaukar maka motar daji da direban da ke jin harsunan uku. Ka canza nairarka zuwa sefa, ka riƙe tsaba, ka kuma koya wa mai ɗakinka lissafinmu: da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa biyar, saboda haka in mai talla ta ce ɗari, sefa 500 take nufi.

Abin da nake ganin ya dace da ku shi ne gandun dajin Binuwai. Yana gefen gabas na hanyar Ngaundare, murabba'in kilomita 1,800, shi ma a 1968 ya zama gandun ƙasa, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren da take karewa a 1981. Kogin da ya ratsa Yola da Makurɗi, shi ne nan yana ƙarami, yana bin duwatsu da rairayi. Ba kamar Yankari ba ne inda ake zuwa a yi wanka a Wikki. Nan ruwan na dorina ne da kada, ka ja wa yara kunne tun daga gida, kada wanda ya matsa bakin gaɓa. Dorina na kama da abin da ba ya iya motsi, amma a tudu ta fi mutum gudu, kuma ba ta yafe wa wanda ya shiga tsakaninta da ruwa. Za ku ga gwanki da kanki da gwambaza, da mugun dawa, da birai iri-iri, wataƙila ɓauna. Zaki da giwa sai an dace, kada ka yi wa yara alkawarinsu. Ba a shiga sai da ɗan jagora daga ma'aikatan gandun, ba a sauka daga mota sai ya ce a sauka, kuma da sanyin safiya da bayan la'asar ake fita, tsakar rana dabba na inuwa. Akwai ƙudan tsando, kuma yana bin baƙin tufafi da shuɗi, ku sa masu haske, masu dogon hannu. Zan faɗa maka gaskiya, dajin ya ragu a kan yadda iyayenmu suka san shi. Masu haƙar zinariya sun shiga, shanu na ratsawa, mafarauta na ɓarna. Duk da haka akwai abin kallo, kuma kuɗin shigar da baƙo ke biya na cikin abin da ke sa hukuma ta ci gaba da kula da wurin.

A kan hanya, daga Ngong ku karkata ku ga madatsar Lagdo, wadda 'yan China suka gina aka gama a 1982. Ku a Najeriya ba ku jin sunanta sai an ce an saki ruwa, ambaliya na tafe. Yana da kyau yara su ga ɗaya fuskar: wutar da Garwa ke sha, gonakin shinkafa, masunta daga ƙabilu daban-daban har da Hausawa da yawa, da giwan ruwa gasasshe da ba za su manta ba.

In kwanakinku sun kai, kuma labarin hanya ya yi daɗi, akwai gandun Buba Njidda can gabas wajen iyakar Cadi, murabba'in kilomita 2,200, mai ɗauke da sunan wanda ya kafa masarautar Rai Buba. A farkon 2012 wasu mahara a kan dawakai suka shigo suka kashe ɗaruruwan giwaye saboda haure, abin da har yau in an tuna sai ran mutum ya ɓaci. Bayan nan aka ƙarfafa tsaro a gandun. Sai dai yankin Mayo Rai na fama da masu garkuwa da mutane, don haka wannan ba tafiyar da za ka yanke daga Kano ba ce, sai mun ji daga bakin mutanen Colire. Fadar Rai Buba kanta abin gani ce, da doguwar katangarta ta ƙasa, amma ba a faɗa mata haka kawai. Ana neman iso, a tuɓe takalmi, a bi abin da dogarai suka ce, ba a ɗaga waya a ɗauki hoto sai da izini. Gandun Faro, ta yamma wajen Poli, ya fi su duka girma, amma hanyarsa ba ta masu ƙananan yara ba ce. Gandun Zakuma na Cadi kuwa tafiya ce mai zaman kanta, a bar ta sai wata shekara.

Ƙa'idarmu ɗaya ce a duk waɗannan hanyoyi: a tashi bayan sallar asuba, a sauka kafin la'asar ta yi sanyi. Ba ma tafiyar dare. Ku matafiya ne, kuna da sauƙin kasaru, ku riƙe tabarma da buta a kusa. Guzuri a nan za a haɗa muku: kilishi, soyayyen nama, ƙuli-ƙuli, burodi, garin kunu, kayan shayi da ɗan murhun gas, da ruwan sha fiye da yadda kuke zato. Ku sha mai a gidan mai a Garwa ku cika jarkoki, na kwalba da ake sayarwa a bakin titi sai in dole ta sa. Gidan sauro da maganin zazzaɓi da magungunan Hajiya su zo daga Kano.

Ka ware wa Garwa kanta kwana biyu. Akwai dangin da ba su taɓa ganin 'ya'yanka ba, kuma gida-gida za a kai su. Akwai kasuwar Pitowa ranar Lahadi, akwai gidan namun daji a cikin gari, akwai filin wasa na Rumde Ajiya inda Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema a Janairun 2022, na san babban ɗanka zai so ya tsaya a ciki.

Ka aiko min da yawanku, da shekarun yaran, da ranar da makarantarsu za ta rufe, kafin ƙarshen Oktoba, domin motocin daji masu lafiya ba su da yawa kuma a Disamba ana rububinsu. Ka kuma tambayi Hajiya ko za ta iya zaman mota na awa huɗu a kan hanyar ƙasa. In ba za ta iya ba, goggonka ta ce a bar mata ita a gida, suna da hirar da za su yi. A gaida kowa da kowa.

Baffanka, daga Garwa.