Tambayi Likita: Cin Zali a Makaranta da Tunanin Kashe Kai

Assalamu alaikum Likita. Ɗana ɗan shekara 14 yana makarantar kwana. Tun da ya dawo hutu ba ya cin abinci, ya daina fita ƙwallo. Ya ce siniyoyi na dukansa suna ƙwace masa garin kwaki da madara. Ran nan na ji ya ce "gara in mutu in huta." Babansa ya ce ragwanci ne, shi ma haka aka yi masa. (Wata uwa daga Zariya)

Wa'alaikumus salam Hajiya. Da girman maigida, amma a nan ban goyi bayansa ba. Cewa an yi masa ya tsira ba ya nufin kowane yaro zai tsira. A 2014 mujallar likitocin yara ta JAMA Pediatrics ta fitar da wani nazari da ya tattara bincike 34, aka ga yaran da ake cin zalinsu sun ninka sauran fiye da sau biyu wajen tunanin kashe kai. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kashe kai shi ne na uku a cikin abubuwan da ke halaka 'yan shekara 15 zuwa 29.

Kada hankalinki ya tashi ya wuce kima: akasarin yaran da ake zalunta ba sa kaiwa can. Abin da kan faru shi ne dukan da wulaƙancin su taru su haifar da ciwon damuwa, yaro ya ga ba mafita, ba kuma mai saurarensa. Ƙin abinci, barin ƙwallo da wannan furucin, duk alamunsa ne.

Yau ɗin nan ki samu lokacin da ƙannensa ba sa kusa, ki tambaye shi kai tsaye: "Na ji abin da ka faɗa. Kana tunanin kashe kanka ne?" Iyaye na tsoron wai tambayar za ta cusa masa tunanin. Bincike ya nuna ba haka ba ne, sau da yawa ma sauƙi yaron ke ji. In ya amsa, kada ki tare shi da salati da wa'azin wuta. Ya san haramun ne, shi ya sa ya ɓoye. Ki bar shi ya gama maganarsa.

Ki kulle maganin ƙwari, na ɓera da duk ƙwayoyin da ke gidan, don irin wannan yunƙuri yakan zo ne farat ɗaya, in ba abin a kusa sai ya wuce. Kada a bar shi shi kaɗai, sannan a kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. A yi addu'a, a kuma je asibiti. Komawa makaranta kuwa, sai likita ya gan shi, kuma kun zauna da shugaban makarantar.

Likita, ni malami ne. Akwai ɗalibin da ya addabi yara, bulala ta ƙi yi masa aiki. (Wani malami daga Gusau)

Malam, ka binciki wanda ke dukansa shi ma, a gida ko a ɗakin kwana. Yaron da ake zalunta kuma yake zaluntar wasu, haɗarin da yake ciki na tunanin kashe kai na daga cikin mafiya girma. Ka kare ƙananan, shi kuma ka kira shi gefe, ba gaban aji ba.

Shekarata 16. An yaɗa hotona a gurup ɗin ajinmu na WhatsApp ana yi min dariyar ƙiba. Ba na iya barci. In na faɗa a gida za a ƙwace wayata. (Wata ɗaliba daga Kano)

'Yata, ba ke kika yi laifi ba. Kuma ba ke kaɗai ba ce: rahoton UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2019 ya ce kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya na fuskantar cin zali. Na waya ya fi ciwo ta wani ɓangaren, domin yana bin mutum har kan gadonsa.

Ki ɗauki hoton saƙonnin ki adana kafin a goge, sannan ki fita daga gurup ɗin. Kada ki rama. In kina jin nauyin Mama, ki fara da yaya, gwaggo ko malamar da kika yarda da ita, ta raka ki wajenta. Iyaye kuma, ƙwace wayar hukunta wadda aka zalunta ne, gobe ba za ta sake faɗa muku komai ba.

Rashin barcin nan in ya kai mako biyu, a ga likita. In kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, kada ki jira safiya: ki tashi wani babba a gidan, ku tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa.