Tambayi Likita: wai da gaske jinin raƙumi zai hana sauro yaɗa maleriya?

Salamu alaikum jama'a, damina ta sa saƙonninku duk maganar zazzaɓi ce, bari in ɗauki uku.

Wani mai tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas ya ce: Likita na ji wai ana ciro wani abu a jinin raƙumi a kashe maleriya a cikin sauro, gaskiya ne ko labarin WhatsApp?

Malam akwai ƙamshin gaskiya. Jikinmu yana ƙera sojojin da ke kama cuta, su ake kira antibodi, to raƙumi da danginsa irin su alfaka na Kudancin Amurka suna da wani irin nasu na daban, masana a Beljiyam suka bayyana shi a 1993, kuma ana iya yanko ɗan guntun da ke cafke cutar kaɗai a yi aiki da shi. Macen sauro in ta ciji mai maleriya tana tsotso ƙwayoyin cutar maza da mata, a cikinta suke ɗaura aure su hayayyafa, sai bayan kwana 10 zuwa 14 'ya'yan su kai ga miyaunta ta zuba wa wani. Guntun nan, in sauron ya tsotse shi tare da jinin wanda aka yi wa allurarsa, sai ya liƙe wa wani abu a jikin ƙwayar da ake kira Pfs230, ya ɓata ɗaurin auren, sauro yana nan yana kukansa yana cizo amma ba abin da zai ba ka. A Ostareliya an gwada na alfaka a ɗakin bincike. Don Allah kar wani ya ce na ce a sha nonon raƙumi, ba haka abin yake ba.

Wata mai 'ya'ya huɗu daga Agege ta ce: in an yi min allurarsa na rabu da maleriya ke nan?

A'a Hajiya, nan ne abin mamakin, ke za ki iya kamuwa, maƙwabta da yaranki ake karewa daga sauron da ya cije ki. Wani cikakken antibodi mai suna TB31F an gwada shi a jikin mutane a Holan, amma babu shi a kemis ko asibiti, duk wanda ya ce zai sayar miki ɗan damfara ne. Rigakafin yara na R21 da aka fara a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024 shi daban ne, yaron da aka yi wa yake karewa.

Wani saurayi daga Idi-Araba: kwana uku ina zazzaɓi, na sha agbo, wato jiƙon gargajiya, mai kemis ya haɗa min na maleriya da taifot.

Ƙanena wa ya gwada jininka? Je a ɗan soki yatsanka a gwada jinin, minti 20 ne. In maleriya ce ka sha haɗaɗɗen maganin maleriya da ake kira ACT na kwana uku ka shanye tas ko da ka ji sauƙi a rana ta biyu, kuma ka kwana cikin gidan sauro kar sauro ya ɗauki cutar a jikinka ya raba wa 'yan ɗakinku.